Ɗa'ar Tafinta

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya a nan Landan, kuma a nan muka binne shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne garin nan ba ya riƙe mutum. Yau ka mutu, gobe council, hukumar unguwa, ta shafa wa flat ɗinka sabon fenti ta ba wani. To, Kawu ba za a shafe shi da fenti ba muddin ina numfashi.

Ku zo ku ga jama'a! Tunda nake garin nan ban taɓa ganin mutanenmu sun cika wuri kamar ranar sadakar uku ba. Takalma tun daga ƙofar flat ɗinsa a Camberwell har ƙasan bene, babu wurin sa ƙafa. Ɗalibai, likitoci, ma'aikatan gwamnati da aka turo kos, alhazan da suka zo sayayya suka ji labari a otal, da 'yan'uwanmu Kiristoci na Jos da kudancin Zariya masu aiki a gidan waya da tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Baturen da ke zaune a ƙasa ya hau don ya yi faɗa a kan hayaniya. Da ya ji wanda ya rasu sai ya cire hularsa, ya ƙare a kan tabarma da kofin shayi a hannu. Gidan makoki ne, amma wallahi rabin lokacin dariya ake yi. Mutum zai fara kuka, ya tuna wata magana ta Kawu, kukan ya koma dariya, matan da ke kicin su leƙo su ce mu ji tsoron Allah.

Kuma duk wanda ya buɗe baki, kalma ɗaya ce take fitowa: ɗa'a. Mutum ne mai ɗa'a. Ɗa'a ta tafi. Wani tela mutumin zangon Kumashi, mai shago a Lewisham, ya tsaya a ƙofar kicin yana yi wa matar Kawu ta'aziyya da irin Hausarsu, yana cewa, "Inna ya yi haƙuri, mijinsa ɗa'a ne da kansa."

'Yar Kawu, taubashiyata, a nan aka haife ta, nas ce. Tana jin Hausa sarai, amma amsa sai da Turanci. Ta zo wucewa da tiren shinkafa, idonta jawur, ta zungure ni da ƙafa.

"Kai, village man, what is this ɗa'a? Manners ne, ko me?"

Ai kuwa kamar ta zuba fetur a wuta. Wani ɗalibi ya ce asalin kalmar Larabci ce, biyayya take nufi. Wani likita ya ce a'a, a wurin aikinsu ita ce ethics, ƙa'idojin da ke tsare mai sana'a. Wani ya ce ladabi ne kawai, mene ne na wahalar da kai. Tela ya yi tsalle ya ce ladabi daban, ɗa'a daban, ya rantse da Allah. Gardama ta kaure, har liman ya buga tafi.

Na ce mata, "Baturiya, kai shinkafar nan kafin ta huce. Zan rubuta miki amsa, ki nemi mai karanta miki."

Amma duk hayaniyar nan idona yana kan bene. Akwai mutum ɗaya da Kawu ya mutu yana jiran kalma ɗaya daga bakinsa, bai samu ba. Kuma Inna, matar Kawu, tun kafin rasuwar ba ta amsa gaisuwata. Abu biyun nan tushensu ɗaya, bari in ɗauko shi daga farko.

Kawu ya zo ƙasar nan bayan yaƙin duniya, yana kukun wani Bature da ya gama aiki a Kano. Baturen ya mutu, shi ya zauna. Ya sami aikin tura gadon marasa lafiya a asibiti, a nan ya koyi Turanci, har da irin na likitoci wanda su kansu Turawan ba kowa ke ganewa ba. Ya koma gida sau ɗaya ya auro Inna. Haka ya yi ta tura gado har furfura ta fito.

Sai arzikin fetur ya ɓarke a gida. Wanda bai ga shekarun nan a Landan ba, ba zai yarda ba. Jirgi ya sauka, babbar riga ce kawai ke fitowa. Mutumin da jiya yake kan keke, yau yana da kwangilar siminti. Su shiga kanti su nuna da yatsa, wannan, da wannan, da wancan duka. Na ga mutumin da ya sayi akwati don ya zuba akwatuna a ciki. Kuma duk wanda tsohonsa ya yi tari, sai a ɗauko shi a kawo wa likitocin unguwar Marylebone. To tsohon ba ya jin Turanci, ɗan ma nasa Turancin na ciniki ne, ba ya kai wa ga hanta da ƙoda. Sai an nemi tafinta. Nan Kawu ya ajiye gado ya zama tafinta, ya sayi mota, ya aika gida a turo ni in tuƙa.

Ranar da ya tare ni a filin jirgi na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, Turawa suna kewaye mu da kaya. Ya ce, "Tashi, na ga kana da ladabi. Ɗa'a kuwa sai mun zauna."

A wurin Kawu ladabi na gwiwa ne da na baki. Durƙuso, cire takalmi, ranka ya daɗe. Ya ce yana da kyau, amma ɓarawo ma ya iya shi. Ɗa'a kuwa ita ce abin da ya wajaba a kanka ga mutumin da ba zai taɓa gane ka cuce shi ba. Kuma kowace sana'a da tata. Ɗa'ar direba, baƙon da bai san gari ba kada ka zaga da shi. Maganar da aka yi a kujerar baya, a kujerar baya take mutuwa. In hajiya ta tsare ka ta ce ina ka kai Alhaji jiya, kada ka yi ƙarya, kada kuma ka faɗa, ka ce ta tambayi mijinta. Har kicin yana da tasa, lokacin da muke haya gida ɗaya da mutane: wanda ya ƙarar da yaji shi zai faɗa, ba ya mayar da gwangwani a rufe kamar da abu a ciki ba.

Turawa ma bai bar su ba. Yakan ce, "Yaron Bature zai miƙa wa ubansa abu da hagu, yana tsaye a kansa, babu ladabi ko ƙwaya. Amma je ka tashar bas. Tsohuwa ta riga shi, ko ruwa ake shekawa ba zai shiga gabanta ba. Wannan ɗa'a ce. Da za a yi musaya, mu ba su durƙuso su ba mu layi, da kowa ya huta."

Wani ɗalibi ya taɓa gaya masa maganar nan ta cewa kalmar biyayya take nufi. Ya ce, "Na sani, ɗana. Amma biyayya ga wa? In ga mai babbar riga ce kawai, ai jaki ya fi mu."

Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Kawu yana da faɗa, yana da shisshigi, kuma ba ya zaɓen wuri. Tambaya ɗaya gare shi, da ita yake kashe mutum: "Ɗa'a ce?" Ka bar motar da datti: ɗa'a ce? Ka ci goro a gaban mutum ba ka ɓara masa ba: ɗa'a ce? A tsakiyar babban kanti ya taɓa jan rigar wani hamshaƙi da ya tsallake layi, ya ce masa da ƙarfi, "Ranka ya daɗe, ɗa'a ce?" Ni na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin kuwa ya koma baya sumui-sumui.

Sai ga wani Alhaji, matashin ɗan kwangila, ya kawo mahaifinsa. Ni na ɗauko su. Tsohon manomi ne, ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa, amma bakinsa da daɗi. Muna hanya ya leƙa ta taga ya ce, "Yaro, su mutanen nan an hana su rana ne, ko laifi suka yi?" Shi da Kawu jininsu ya haɗu nan take. Kullum Inna takan tuƙa tuwo da miyar kuka mu kai masa, don ya ce abincin asibitin kamar ana wanke tukunya a ba shi ruwan.

Aka yi gwaje-gwaje. Likita ya kira Alhaji da Kawu ciki. Da suka fito ina tsaye a baranda da makullin mota, da kunnena na ji. Alhaji ya kama hannun Kawu ya ce, "Malam, maganar nan ta tsaya nan. In ya tambaya, da sauƙi. An gaya mini akwai wani likitan, za a yi masa tiyata. Ko nawa ne zan kashe."

Kawu ya gyaɗa kai.

Kashegari Alhaji ya tafi harkarsa, muka kai tuwo. Tsoho bai taɓa kwanon ba. Ya dubi Kawu ya ce, "Malam, kai ne kunnena a garin nan, ba ni da wani. Na haɗa ka da Allah, me Baturen ya ce?"

Kawu ya matsa kusa da gadon. Can ya ce, "Baba, rai na Allah ne, likita bai san ranar kowa ba. Amma ya ce nasa ilimin ya ƙare. In akwai wanda kake son ka nemi yafiyarsa, jirgi yana tashi kullum."

Tsoho ya shafa fuska ya ce, "Alhamdu lillahi. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara da shekaru ba ma ga maciji saboda iyakar gona. Ashe da wannan kayan zan tafi a wuyana, ana ce mini da sauƙi." Sai ya dube ni. "Yaro, ina takalmina?"

Da Alhaji ya dawo ya tarar da ubansa zaune a bakin gado da hula a kai yana cewa gida. Ya lallaɓa, ya roƙa, tsoho ya ce gida. A bakin ƙofar asibitin Alhaji ya tare Kawu, mutane suna wucewa.

"Wa ya aike ka? Ni na ɗauke ka aiki ko shi? Ba ka amsa mini ba jiya? Tsohon banza mara ɗa'a!"

Na sha jin an zagi Kawu ya rama da wanda ya fi shi. Ranar nan bai rama ba. Kalmarsa ce aka ɗauka aka mare shi da ita.

Tsoho ya koma gida, bai daɗe ba ya rasu. A garinsu aka yi ta cewa Alhaji ya kai ubansa Ingila ya dawo da shi ba magani don ƙyashin kashe kuɗi, abin da ba haka ba ne, kuma ya yi masa ciwo ƙwarai. Shi kuma ya bi manyan mutane yana cewa akwai wani tafinta a Landan, bakinsa kisa ne, kada wanda ya kai masa majinyaci. Kun san yadda magana take tafiya a jirgi. Waya ta daina ƙara a gidan Kawu. Mutane suna ta kwarara Marylebone, kuɗi yana ta zuba, shi kuwa ya koma tura gado da furfurarsa. Ni na ci gaba da tuƙi da motar, ina ɗauko waɗanda suke kau da kai in na ambaci sunansa.

Wata rana ina mayar da shi gida daga aiki, na ce, "Kawu, ka manta da mutumin nan, azzalumi ne."

Ya ce, "Rufe bakinka, yana da tasa gaskiyar. Abin da na gaya wa tsoho, ko yau aka sake zan faɗa. Amma kan da na gyaɗa wa ɗansa fa? Kamata ya yi a barandar nan in ce masa, Alhaji, ni ba zan fara masa maganar ba, amma in ya haɗa ni da Allah ba zan yi masa ƙarya ba, in ba ka yarda ba ka nemi wani tafinta. Ban faɗa ba. Na ga babbar riga na gyaɗa kai. A nan na yi ladabi na bar ɗa'a. Alhaji ya tafi yana ganin ya bar ubansa a hannun wanda ya yi masa alkawari."

Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, amma na san tana nan.

Bana da sanyi ya fara sauƙi, sai idon Kawu ya koma rawaya, wandonsa ya fara zamewa. Aka kwantar da shi. Likitoci suka gaya wa taubashiyata, ita ta gaya wa Inna, Inna ta tara mu a falo ta ce hanta ce, ta riga ta ci, kuma duk wanda ya gaya masa ba ta yafe ba. Kowa ya gyaɗa kai. Na ji wuyana yana so ya bi sahu, na riƙe shi.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni ba zan fara masa maganar ba. Amma in ya tambaye ni, ba zan ce da sauƙi ba. Gara ki sani tun yanzu."

Ta ce, "Kai? Kai da muka ɗauko daga ƙauye ba ka san yadda ake kunna murhu ba, kai za ka kashe mini miji da baki? Abin da ya raba shi da abincinsa bai ishe ku ba?"

Ta so ta hana ni zuwa asibitin, amma wa zai kai abinci? Kuma mutumin da ya shekara da shekaru yana tura gado, fuska yake karantawa. Ina ajiye kwano ya ce, "Direba, zo nan. Duk wanda ya shigo sai ya yi mini irin murmushin da nake yi wa mutane. Kai Allah bai ba ka murmushi ba, shi ya sa na jira ka. Me suka ce?"

Ba ni da wasu kalmomi sai nasa. Na ce, "Kawu, rai na Allah ne. Amma sun ce nasu ilimin ya ƙare."

Na shirya in ga hawaye. Sai mutumin nan ya buga tafi! Ya ce, "To me muke jira? Akwai mai a motar?"

Jama'a, ban taɓa ganin neman yafiya irin wannan ba. Kamar mai shirin tafiya Makka. Ya sa aka sallame shi, ya sa babbar rigarsa ta Salla a kan rigar sanyi, ya cika aljihu da goro, ya zauna a gaba yana nuna mini hanyar da na fi shi sani. Taubashiyata tana baya da jakar magani tana cewa, "Baba, slow down," shi kuwa yana cewa, "Direba, taka ta!" Inna ba ta ko kallona in na zo ɗaukarsa da safe.

Muka fara da telan nan na Lewisham. Kawu ya shiga ya ce, "Na zo neman yafiya. Shekarun nan ni nake gaya wa mutane wuyan rigarka kamar bakin buhu."

Tela ya ajiye almakashi. "Ashe kai ne!"

"Ni ne. Kuma har yanzu haka yake, amma ba ɗa'a ba ce in faɗa a bayanka."

Suka rungume juna, tela yana dariya yana kuka yana cewa ya yafe, ya yafe, amma wuyan rigarsa lafiyarsa lau.

Muka je wurin tsohon maƙwabcinsa, Kirista mutumin Jos mai aiki a tube, abokin darar sa. Kawu ya ce, "Na taɓa hana ka aron tukunyata, na ce ban san abin da za ka dafa ba, alhali na san ba ka cin abin da nake tsoro. Ka yafe mini." Mutumin ya ce, "Baba, in haka ne ni ma ka yafe, duk ranar da ka tashi salla a tsakiyar dara sai na gyara 'ya'yana." Kawu ya ce, "Na sani, ɗan nema! Da ka ɗauka me ya sa nake daɗewa a sujada, ina kai ƙararka ne."

Har wata Baturiya mai kifi a kasuwar Lewisham bai bari ba, wadda ya shekara yana tayawa kamar a kasuwar Kurmi, tana ce masa a nan ba a tayi. Ya yi mata bayani da Turanci. Ta saurara, ta goge hannu a jikin rigarta, ta zagayo ta sumbace shi a kumatu a gaban kowa. Kawu ya yi baya yana salati. Da muka shiga mota ya ce, "Direba, ka tuna ɗa'ar sana'arka. Kada Inna ta ji."

Haka muka yi ta yi, ƙofa bayan ƙofa, kullum yana ƙara ramewa, kullum yana ƙara fara'a. Amma in mun kama hanyar gida sai ya ce, "Saura ɗaya."

Sai na ji a bakin direbobi cewa Alhajin ya shigo gari, yana wani otal a Marylebone. Muka je bayan azahar. A lokacin Kawu ba ya iya tafiya sai na riƙe shi. Aka buga waya sama, aka ce Alhaji yana da baƙi. Muka zauna. Kawu ya yi la'asar a zaune a kan kujerar otal, Turawa suna satar kallo. Can sai ga Alhaji ya sauko da mutane a bayansa, ya ƙara ƙiba, rigarsa tana ƙamshi. Ya gan mu. Na tabbata ya gan mu, don ƙafarsa ta tsaya.

Kawu ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya ce, "Alhaji, ba don abin da na gaya wa Baba na zo ba, wannan yana nan. Don kan da na gyaɗa maka na zo. Na amsa maka abin da na san ba zan iya ba. Tafiya ta kama ni. Ka yafe mini."

Alhaji ya dube shi daga hula har takalmi. Bakinsa ya motsa. Ya waiwaya ya ga mutanensa suna kallo. Sai ya ce, "Malam, ina da meeting." Ya wuce.

Wallahi na saki Kawu zan bi Alhaji, abin da ke bakina ba ya rubutuwa. Ya damƙe hannun rigata, ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya ce, "Zauna. Yafiya ba a ƙwatarta. Ya ji."

A mota bai ce in taka ta ba. Muna dab da gida ya ce, "In ya zo bayan raina, kada ka bar shi a ƙofa. Ka gaya masa sunan da ya kira ni da shi, na yafe tun a bakin asibitin nan, kafin ya kai motarsa. Haka za ka faɗa. Kada ka ƙara ko gishiri, na san bakinka. Tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi."

Na ce, "Ba zai zo ba, Kawu."

Ya ce, "Ban tambaye ka ba."

Bai ƙara fita ba. Ya rasu da hantsi a kan gadonsa, Inna tana riƙe da hannunsa, kalmar shahada a bakinsa.

To mu koma ranar sadakar uku. Gardamar ɗa'a ta lafa, an ci shinkafa, ana shirin la'asar. Sai na ji benen ya yi tsit, daga ƙasa shirun yake hawowa. Na leƙa. Ga Alhaji shi kaɗai, babu kowa a bayansa, ya cire takalminsa yana riƙe da shi a hannu, ya rasa inda zai ajiye. Tela ya raɗa, "Shi ne." Wasu ɗalibai biyu suka miƙe suka tare ƙofa. Na ture su na fita.

Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Ƙanin mahaifina, wanda suka yi rigimar gona, shi ne ubana yanzu. Ranar da Baba ya koma gida a kwano ɗaya suka ci tuwo. Shi ya yi masa wanka. Na san wannan tun tuni. A otal ɗin nan bakina ne ya ƙi buɗewa, na ce gobe zan neme shi." Sai ya ɗaga murya har na cikin kicin suka ji. "Jama'a, ku shaida! Na yafe wa Malam, duniya da lahira. Amma ni fa? Na kira shi mara ɗa'a a gaban mutane, na raba shi da sana'arsa. Ni wa zai yafe mini?"

Allah ya sani ina da gishiri buhu guda a bakina. Na haɗiye shi. Na ce, "Alhaji, ya bar maka saƙo. Ya ce sunan da ka kira shi da shi, ya yafe tun a bakin asibitin nan, kafin ka kai motarka."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Sai ya zauna daɓas a kan takalman mutane, ya rufe fuska da hannun riga yana kuka kamar yaro. Falo kuwa ya ɗauka! Kabbara ta ko'ina, tela yana tsalle yana cewa ya samu, ya samu, mutumin Jos yana cewa mun gode Allah, Baturen ƙasa yana tambayar kowa me ya faru. Taubashiyata ta riƙe hannuna ta matse.

Ana cikin haka na ji murya daga ƙofar kicin, muryar da ta daɗe ba ta kira ni ba.

"Direba."

Na juya. Inna ce, cikin mayafin takaba, idonta a kumbure.

Ta ce, "Baƙo yana zaune a kan takalma, kana tsaye kana kallo. Ɗa'a ce?"

Na ruga na ɗauko tabarma.

Baturiya, amsarki ke nan, iyakar abin da na sani. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba ta da rana, ya karɓi yafiyar da ta iso bayansa. Mu kuma da muka rage, Allah ya riƙe wuyanmu ranar da bai kamata mu gyaɗa kai ba. Amin.